Uwar kifi: a kai ta kasuwa ko a mayar da ita ruwa?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu faranti da tebur a kasuwa, da 'yan uwana fatake masu bin mota daga wannan kasuwa zuwa waccan, yau maganar kifi zan yi. Na san wani zai yi dariya ya ce, mutumin Damargu da maganar kifi? Ƙasar da in bazara ta yi ake neman ruwan sha da jaki da jarka? To a yi mini haƙuri. Mu ba masunta ba ne, amma masu ci ne kuma masu saye da sayarwa ne. Babu kasuwar da za ka shiga daga Falanko zuwa Bakin Birji, daga Belbeji zuwa Tanut, ba ka ji ƙamshin banda ba. Duk wanda miyarsa ta dogara da ruwan wasu, yana da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da wannan ruwa.

Abin da ya jawo wannan rubutu, a farkon daminar da ta wuce na je gida Falanko ranar kasuwa, na tsaya wurin wata dattijuwa da na saba sayen kifi a hannunta tun ina ɗan lakkol. Na tarar an kawo mata ɗanyen kifi daga kudu a bayan babur, cikinsa da wata tarwaɗa wadda ban taɓa ganin irinta ba, ta kusan kai tsawon hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu. Mutane sun taru suna kallo. Da ta sa wuƙa ta farke cikin, sai ga ƙwai dam, ya cika ƙaramin kwano. Ta ware shi gefe ta ce wannan na jikokinta ne. Na ce mata, "Inna, wannan fa ba kifi ɗaya kika yanka ba, tabki guda kika yanka." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ku masu rediyo baki ne jarinku. Ni kuwa wannan ce jarina. In ban saya ba, ta kusa da ni za ta saya." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Amma maganar ba ta bar ni ba, har na kai ta cikin shirina na safe, aka yi ta bugo waya ana cece-kuce, wasu na cewa a bar masunta su ci arzikinsu, wasu na cewa ɓarna ce.

Ni dai ra'ayina shi ne wannan: babban kifi mai ƙwai da aka kama a ruwan da ba ya ƙafewa, a lokacin damina, a mayar da shi ruwa. Kuma wanda zai iya sa hakan ta tabbata ba masunci ba ne, ba kuma ma'aikacin gandun daji ba ne, mai saye ne. Wato ku.

Bari in fara da abin da muka fi sani. A Damargu babu wanda za ka koya wa darajar uwar garke. Makiyayi zai sayar da bijimi, zai sayar da rago da bunsuru, amma ba ya kai saniya mai ciki kasuwa sai wuya ta kai wuya. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun sha ba mu labari: wanda ya tsira da mata biyu ko uku ya sake tada garke cikin 'yan shekaru, wanda kuwa ya rasa matan, ko da ya riƙe kuɗi a hannu, ya zama ɗan ci-rani. Mu ma mun ga 2005 da idonmu. Fulani ma da habbanayensu, mace suke ba ɗan uwa aro ta haihu masa, ba namiji ba. Haka manomi, ko yunwa ta kai ina, akwai damin da ba a taɓawa a rumbu, shi ne iri. To me ya sa in aka zo kan kifi sai hankalinmu ya juye, mu riƙa tafa wa wanda ya kashe uwa mafi girma?

Dalili ɗaya ne: saniya tana da mai ita, kifi kuwa na kowa ne. Abin da yake na kowa, kowa sauri yake ya riga ɗan uwansa.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kifi ba kamar akuya ba ne da in ta tsufa haihuwarta ke raguwa. Shi kifi muddin yana raye yana ƙara girma, kuma gwargwadon girman macen gwargwadon yawan ƙwanta, har ma ya zarce lissafin kilo. A shekarar 2018 wasu masana sun fitar da sakamakon bincike a mujallar Science bayan sun duba nau'in kifin teku 342. Suka ba da misali da wani kifi da ake kira kod: mace ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwan da ya fi na mata 28 masu kilo biyu-biyu. Ku yi lissafi irin na kasuwa: 28 sau biyu kilo 56 ke nan, amma duk da haka ita guda ɗayan nan ta fi su. Ƙwan manyan kuma ya fi girma, ya fi ƙoshi. Ashe da tsohuwar zuma ake magani har a cikin ruwa. Giwan ruwa, wanda 'yan boko ke kira kafiten, haka yake: yana iya kusantar mita biyu a tsawo, babbar mace tana zuba ƙwai miliyoyi, kuma yawancin waɗanda suka yi girman ban mamaki mata ne. Tarwaɗa kuwa da ruwan farko take fita, ta bi ambaliya ta shiga cikin ciyawa inda ruwa bai wuce idon sawu ba don ta zuba ƙwai. A nan ne ake tare ta da sanda da adda, lokacin da ta fi rauni kuma ta fi amfani. Karfasa ita a baki take riƙe ƙwanta da 'ya'yanta har su yi ƙwari. Wanda ya kama ta a wannan hali, ya buɗe bakinta ya gani.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. A gabar gabashin Amurka akwai wani kifi mai ratsi-ratsi a jiki da suke kira bas, wanda masu ƙugiya ke alfahari da kama ƙatonsa su ɗauki hoto. An yi ta kwasarsa har ya kusan ƙarewa a farkon shekarun 1980. Majalisarsu ta yi masa doka a 1984, jihar Merilan ta rufe kamunsa gaba ɗaya daga 1985 har tsawon shekara biyar, kifin ya farfaɗo, a 1995 aka ce ya dawo yadda yake. Sai aka saki jiki. Kafin 2019 an sake tabbatar da cewa iyayen sun yi ƙaranci. Shi ya sa a 2023 suka ce mai ƙugiya a teku ba zai tafi gida da kifin ba sai tsawonsa na tsakanin kimanin santimita 71 da 79. Wanda bai kai ba yaro ne, a sake shi. Wanda ya wuce uwa ce, a sake ta. Na tsakiya shi ne na tukunya.

Amma fa kada a ce na zo in sayar muku da al'adar Amurkawa. Su yawancinsu don nishaɗi suke zuwa bakin ruwa, da cikinsu a ƙoshe. Mutum ya soke kifi da ƙugiya, ya ja shi har ya galabaita, ya ɗaga shi a yi hoto, sannan ya jefa shi ruwa yana jin ya yi abin kirki. Masanansu da kansu suna lissafin cewa cikin kowane 100 da aka saki, kimanin 9 mutuwa suke yi daga baya. Ni wannan wasa da rai ban ga kyansa ba, kuma ba shi nake kira a yi ba. Masuncinmu ba hoto ya je nema ba, tuwon dare ya je nema. Abin da na ɗauka daga wurinsu guda ɗaya ne, wato ma'aunin nan mai baki biyu, ƙasa da sama. Mu a nan in ana maganar kare kifi, ƙananan kawai ake tunawa, a ce kada a yi su da gidan sauro. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne ka ga gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma taru. Amma ba a cika tuna manyan ba.

Misalin da ya fi tsorata ni shi ne na Kanada. A tsibirin Niyufanlan mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa a kan kifin kod ɗin nan, har ana ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamunsa don babu sauran abin kamawa, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a. An yi zaton shekara biyu za a yi. Sai a 2024 aka sake buɗewa, bayan shekara 32, shi ma kaɗan-kaɗan. Waɗannan fa masu jiragen ƙarfe ne da masana da kuɗin tallafi. To ina ga tabkin da yaro zai iya zagaye shi da ƙafa kafin azahar?

Mu dawo gida. Ba sai na gaya wa 'yan kasuwar kifi yadda rashin kifi yake ba. Tabkin Cadi, wanda a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, fari ya janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Wannan ba laifin masunta ba ne, ikon Allah ne. Sannan a 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukuma ta hana kamun kifi da cinikinsa a jihar Difa, ba a ɗage ba sai a 2019. Waɗanda ke zuwa kasuwar Dole a Damagaram sari sun san yadda kwalin banda ya yi tsada a waɗannan shekaru, sun san mata nawa suka ajiye faranti suka koma sayar da ƙuli-ƙuli ko suka zauna gida. A lokacin ne idon kowa ya koma kan ruwayen cikin gida, irin su Gidimuni da Lasuri a nan jiharmu, da Madarunfa a jihar Maraɗi, da Tabalak a jihar Tawa. Dukansu huɗu an sa su cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Lasuri da Tabalak a 2005, Gidimuni da Madarunfa a 2019. To amma takarda ba ta haihuwar kifi. Waɗannan ruwaye ƙanana ne, iyayen da ke cikinsu ƙidayayyu ne, kuma su ne asusunmu ranar da hanyar gabas ta sake toshewa.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, don wasu da suka bugo waya sun faɗi abin da ya fi nawa nauyi.

Wani dattijo ya ce, "Malam, tabkunanmu na nan arewa kafin watan Maris sun zama fako. Kifin da ka mayar, shamuwa da zalɓe ka ajiye wa." Wannan gaskiya ce tsantsa. Tabkin da ke ƙafewa, in an zuba masa kifi da damina, gona ce: a bari ya girma, ruwa na ja baya a kwashe duka, babba da ƙarami, kada a bar ko ɗaya ya ruɓe a laka. Gaiwa ce kaɗai ke iya binne kanta cikin taɓo ta jira wata damina. Ban ce a saki komai a irin wannan ruwa ba. Sai dai in tambaya: irin da ake zubawa cikin tabkunan nan duk shekara, daga ina ake ɗebo shi? Ba daga ruwayen da ba sa ƙafewa ba? In an cinye iyaye a can, motar poroje za ta zo da tankin ruwa babu ko ɗan tsako a ciki. Saboda haka mu mutanen arewa mun ma fi na kudu bukatar a bar iyayen kudu su rayu.

Wani kuma, da alama masunci ne na gado, ya ce giwan ruwa ɓarawo ne, kifi yake ci, in ka bar ƙato guda a ƙaramin tabki zai share maka karfasa. Shi ma bai yi ƙarya ba. A tabkin Biktoriya da ke tsakanin Kenya da Yuganda da Tanzaniya, an zuba giwan ruwa a shekarun 1950, ya cinye ɗaruruwan nau'in ƙananan kifaye na asalin wurin. Don haka a ƙaramin ruwa rufaffe, rage manyan giwan ruwa gyara ne. Amma ku ji ƙarshen labarin. Da giwan ruwan ya zama shi ne arzikin ƙasashen uku, ana fitar da shi Turai, sai shi ma ya fara raguwa, har a farkon shekarun 2000 suka sa masa ma'auni mai baki biyu, daga santimita 50 zuwa 85. Abin da ya fi ba wannan doka wahala kuwa shi ne ciniki: jakar iskar da ke cikin kifin 'yan Sin na sayenta da tsada, kuma ta babban kifi ta fi kuɗi nesa ba kusa ba. Duk inda mai saye ya ɗora kuɗi, can taru ke nufa.

Wannan shi ya kawo ni kanku. Nijar ta yi dokar kamun kifi tun 1998, akwai takardar izini, akwai ma'aikatan ruwa da daji. Amma ma'aikaci nawa ne, babur nawa gare su, kuma wa zai kwana bakin tabki yana auna tarwaɗa da tsakar dare? Shi kuwa masunci, ka ce ya saki kifin da zai biya masa kuɗin buhun hatsi alhali ya san na bayansa zai kama, kamar ka ce wa mai jin ƙishirwa ya zubar da ruwa ne. Ba zai yi ba, ni ma da ni ne ba zan yi ba. Abin da zai sa ya saki shi ne ya san in ya kawo bakin gaɓa babu mai karɓa. Dillalin da ke ɗauka a babur ba zai ɗauka ba in ya san matan Falanko da na Tanut da na Damagaram sun haɗa baki ba sa karɓar mai ƙwai daga saukar ruwan farko har a fara girbi. Inna ta ce in ba ta saya ba ta kusa da ita za ta saya. To maganin wannan ai kun fi ni saninsa. Ku da kuke adashi shekara da shekaru ba takarda ba alƙali, kuma ba a cin kuɗin kowa. Ku da kuke da shugabar 'yan kifi a kowace kasuwa, wadda in ta ce yau ga farashi babu mai karyawa. Wanda ya iya tsayar da farashi zai iya tsayar da wannan.

Kuma kada wani ya ce wannan baƙon abu ne da rediyo ta kawo. Ku dubi Argungu a jihar Kabi ta Najeriya. Bikin kamun kifin da ake yi tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, kowa ƙaton kifin da ya ci gasa yake kallo. A 2020 wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Amma me ya sa ake samun irin wannan a Matan Fada? Don wurin a rufe yake sauran shekara, Sarkin Ruwa na tsaronsa, sai ranar da aka buɗe dubban mutane su faɗa da homa da gora na ɗan lokaci kaɗan a tashi. Kakanninmu sun san hutun ruwa tun kafin a haifi masanan Turai. Ni da za a ji tawa, da kyautar ba ta tsaya kan wanda ya kashe mafi girma kaɗai ba, amma wannan maganar mutanen Kabi ce, ba ni da hurumi a ciki.

Akwai asara a cikin abin da nake faɗa, ba zan ɓoye ba. Babban kifi shi ke jawo ido, shi mai gidan abinci da mai biki ke nema, kuma ribar guda ɗaya ta fi ta faranti biyu na ƙanana. Wata uku zuwa huɗu ba tare da shi ba, a lokacin da hatsi ya fi tsada kuma aljihu ya fi bushewa, ba wasa ba ne ga macen da ke ciyar da marayu. Shi ya sa ban ce a daina sayen babban kifi har abada ba. Da rani, bayan ya zuba ƙwansa, in an kama daidai wa daida a ci, halal ne. Kuma ban ce a daina cinikin kifi da damina ba: na tsakiya yana nan, banda tana nan, na kwali mai ƙanƙara yana nan inda ake da firji. Abin da ake bukata shi ne shiri tun da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar mata ta sari banda a watan Afrilu da Mayu ta adana da kyau, a wuri busasshe, ba tare da an zuba mata maganin ƙwari na gona ba, wanda shi ma wata masifa ce da zan yi magana a kanta wani jiƙon.

Su kuma magadan gari da sarakunan ruwa na wuraren da tabkunan suke, aikinsu ba shi da tsada. Sanda guda ce a bakin gaɓa mai zane biyu, masunta da kansu su zauna da ma'aikatan ruwa da daji su yanke inda zanen zai tsaya ga tarwaɗa da inda zai tsaya ga giwan ruwa, don kowane ruwa da halinsa, ba ɗan rediyo ne zai yanke musu daga Tanut ba. Kifin da ya shiga gura ko aka jawo da taru yana fitowa da rai, mayar da shi ba wuya. Wanda ya kwana a kalli ya mutu, ya riga ya mutu, a kai shi gida a ci, amma kada ya hau babur. In aka bar ƙofar "ai matacce na tarar" a buɗe a kasuwa, to kowace uwa matacciya za a tarar.

Na koma Falanko bayan sallah na sake biyawa wurin Inna. Ta ce ta ji shirin, har ta gane da ita nake ko da ban faɗi suna ba. Ta ce ta yi wa shugabarsu maganar, shugabar ta ce sai an ji ta bakin matan Bakin Birji da na Tanut tukuna, don dillali ɗaya ne ke kawo musu duka, in nan aka ƙi can zai wuce. Na ce mata in sun sa ranar zama, ni zan zo da na'urar ɗaukar magana, kuma zan nemi a gayyato dillalin shi ma ya faɗi nasa uzurin.